Fetur, Gas ko Sola: Sharhi Kan Injinan Ban Ruwa Uku da Na Yi Noman Rani da Su

Ina noman rani a wata fadama da ke gefen Kogin Haɗeja a yankin Ringim, kuma a cikin 'yan shekarun nan na yi aiki da injinan ban ruwa iri uku a kan ƙasa guda. Akwai ƙaramin injin fetur mai tiyo inci uku, akwai injin dizal mai silinda ɗaya wanda mu a nan muke kira injin gas, sannan akwai famfon lantarki da ake zurawa cikin rijiya yana aiki da hasken rana. Gonar hekta ɗaya da rabi ce, ina sanya alkama da albasa a cikinta, wata shekarar kuma na ƙara da attaruhu. Dalilin wannan sharhi shi ne tambayar da manoma 'yan uwana suka yawaita yi mini tun da suka ga farantan sola a bakin gonata, wato wanne ne ya kamata mutum ya saka kuɗinsa a ciki, alhali babu wanda zai iya rantsewa a kan nawa za a sayar da litar mai a rani mai zuwa.

Injin fetur shi ne wanda muka tashi muka gani, kuma ya cancanci a faɗi alherinsa kafin a faɗi aibinsa. Iyayenmu da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa lambun mutum ba ya wuce abin da kafaɗarsa za ta iya ɗauka. Ƙananan injinan fetur da rijiyoyin bututu marasa zurfi, waɗanda hukumomin raya aikin gona na jihohi da shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya suka yaɗa a shekarun 1980 da 1990, su ne suka mayar da noman rani sana'ar da talaka zai iya riƙe gida da ita. Nawa injin na ƙirar da aka kwaikwayo daga Honda GX160 ne, mai ƙarfin doki biyar ko kusa da haka. Mutum ɗaya yana ɗaukarsa ya ɗaure a bayan babur, ya kai bakin rijiya, ya cika famfon da ruwa, ya ja igiya sau biyu ko uku, sai ga ruwa yana tsalle daga bakin tiyo. Idan ya ƙi tashi, da wuya matsalar ta wuce fulogi ko datti a kafireta, kuma babu ƙauyen da za ka je a wannan yanki ka rasa makanikin da zai kwance shi ya mayar kafin a kira sallar azahar. Kayan gyaransa, daga ringi zuwa fistan, suna nan a kasuwar kowane mako.

Aibinsa ɗaya ne babba, kuma ba a jikin ƙarfen yake ba, a cikin tankin yake. Irin wannan injin yana shan kusan lita ɗaya da rabi a kowace sa'a idan yana aiki da ƙarfinsa, kuma daga cikin ƙarfin da ke cikin man, abin da yake mayarwa aiki bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran yana tafiya a zafi da hayaƙi. A littafin da nake rubuta kuɗin gona, rani guda na wata huɗu yana cin kusan lita 500. Lokacin da lita take wajen naira 195, wannan bai kai naira dubu ɗari ba, kuma buhunan albasa kaɗan ne za su rufe shi. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin mai, kwana biyu bayan haka kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi, naira 488 a Legas, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. Zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira dubu a Abuja da garuruwan Arewa. Lita 500 ɗin nan da ban taɓa rasa barci a kanta ba ta koma rabin miliyan, kuma wannan farashin gidan mai ne. Manomin fadama sau da yawa a hannun 'yan bumburutu yake saye, galan galan, domin gidan man da ke da mai yana iya yi masa nisan da zuwa da dawowa za su cinye ribar.

Na ga abin da wannan ya jawo da idona a ranin farko bayan cire tallafin. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya fi ni sanin ƙasar nan nesa ba kusa ba, ya rage ban ruwan alkamarsa daga kowane mako zuwa kwana goma sha biyu, daidai lokacin da take fitar da kai. Da muka zo girbi na murza zangarniyarsa a tafin hannuna, ƙwayar ta fito a motse kamar wadda aka daɗe da ajiyewa. Bai yi sakaci ba, lissafin galan ne ya fi ƙarfinsa. Wasu kuma sun canza kafiretar injinsu suka koma amfani da tukunyar iskar gas ta girki, kuma dabarar ta yi aiki na wani lokaci, sai dai ita ma iskar farashinta ya tashi, ga ɗawainiyar kai tukunya gari a cika ta.

A wannan ranin ne mu huɗu masu gonaki a jere muka haɗa kuɗi muka sayi injin gas na hannu, irin mai tukunyar ruwa a ka wadda take tafasa tana sanyaya shi, da famfo inci huɗu da bel yake juyawa, muka kafa shi a bakin kogi. Wannan injin ba ya amfani da fulogi. Yana matse iska ne har ta yi zafin da man zai kama da kansa idan aka feso shi, kuma wannan matsi mai yawa shi ne sirrin tattalinsa, domin yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man zuwa aiki, ga shi litar dizal ta ɗan fi litar fetur ƙarfi tun asali. A gwajinmu, ruwan da injin fetur zai ɗaga da lita uku, shi lita biyu ta ishe shi. Yana juyawa a hankali, da wannan ƙara tasa mai nauyi da ake ji tun daga hanya, kuma yana iya wuni ya kwana yana aiki matuƙar ana ƙara ruwa a tukunyarsa ana kuma duba baƙin mai. Injin fetur da aka yi wa haka ba zai ga ƙarshen rani ba.

Sai dai tattalin lita bai zama tattalin kuɗi ba a wannan shekarar. An daɗe da cire tallafi daga dizal, shi ya sa ya riga fetur shiga hannun kasuwa, kuma tun 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ya tashi daga wajen naira 300 ya haura 700. A farkon 2024 ya wuce naira 1,500 a wurare da dama, lokacin da fetur yake tsakanin 600 da 700, wato muna ƙona lita kaɗan amma muna biyan ninki biyu a kan kowace ɗaya. Sauƙi ya fara zuwa ne da matatar Dangote ta fara sayar da dizal a naira 1,200, ta kuma rage zuwa 1,000 a Afrilun 2024, amma kafin wannan ya iso mana an riga an girbe alkama. Daga baya da fetur ya yi nasa tashin tazarar ta ragu, har injin gas ya dawo yana da riba a kan na fetur.

Akwai kuma wahalhalun da ba sa fitowa a lissafin takarda. Nauyinsa ya sa sai da amalanken shanu ake motsa shi, don haka a bakin kogi yake kwana da mai gadi. Tayar da shi da sanyin Janairu, ana juya shi da hannu har sai ya kama, aikin ƙato ne, ba na yaro ba. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne gurɓataccen mai. Sau ɗaya muka sayi jarka biyu a hannun wani mai sayarwa a bakin titi, ashe akwai ruwa da datti a ciki, nozul ya toshe, injekta mai feso man cikin injin ta lalace, kuma makanikin ƙauye ya gaya mana gaskiya cewa wannan ba aikinsa ba ne, sai an kai Kano. Kwana biyar gonaki huɗu suka yi suna jira. Tun daga ranar ba mu ƙara zuba masa mai ba sai mun bar shi ya kwana a jarka ya kwanta, mun kuma tace da kyalle mai tsabta. Ra'ayina a kansa shi ne cewa inji ne na gaske, amma na ƙungiya ne ko na mai babbar gonar shinkafa, domin idan ba a cika masa aiki ba, kuɗin sayensa da na gadinsa ba sa fita.

Famfon sola shi ne na zo da shi a ƙarshe, kuma a kansa zan fi daɗewa, saboda shi ne wanda ake yawan yabawa ko kushewa ba tare da an yi rani guda da shi ba. Nawa famfo ne siriri mai ƙarfin wat 1,100, ana ɗaura masa igiya a zura shi cikin rijiyar bututu, yana turo ruwa ta tiyo inci biyu. Faranti huɗu ne suke ba shi wuta, kowanne wat 450, ta cikin wani ƙaramin akwati da ke daidaita wutar gwargwadon ƙarfin rana. Babu batir a ciki. Kuɗin da na biya gaba ɗaya zai sayi injin fetur shida ko bakwai, kuma sai da na sayar da bijimi na ƙara da kuɗin albasa kafin na iya haɗa shi. Wannan shi ne babban shingen, kuma ba daidai ba ne mai hali ya riƙa magana kamar kowa zai iya tsallake shi.

Safiyar farko da na kunna shi ba zan manta da ita ba. Da misalin ƙarfe takwas ruwan ya fara fitowa siriri kamar na buta, zuwa goma ya cika bakin tiyo, kuma babu abin da nake ji sai ƙarar ruwan da kukan tsuntsaye a cikin gero na bakin kogi. Na shekara fiye da goma ina ban ruwa cikin ƙarar inji da warin hayaƙi, har na daina lura da su sai ranar da suka ɗauke. Injin lantarki yana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar da ya karɓa zuwa aiki, ba shi da baƙin mai, ba shi da fulogi, ba shi da kafireta, kuma a duk tsawon ranin ban kashe ko sisi a kan mai ba sai a ranakun da zan faɗa a gaba. Yana da wata fa'ida da ban yi tsammani ba. Injin da ke zaune a saman ƙasa tsotso ruwa yake yi, kuma tsotso ba ya wuce zurfin mita bakwai ko takwas komai ƙarfin injin, shi ya sa a watan Afrilu idan ruwan ƙasa ya ja baya za ka ga manoma suna haƙa rami a gefen rijiya suna saukar da injin ciki. Famfon da ke cikin ruwa turowa yake yi daga ƙasa, don haka wannan matsalar ba ta same ni ba.

To amma ruwansa bai kai na fetur ba, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka ya kai, ka nemi ya nuna maka a bakin rijiya da durom da agogo. Abin da injin fetur inci uku yake zubawa a sa'a ɗaya, nawa famfon yana buƙatar sa'a biyu zuwa uku, kuma ranar da ke ba shi cikakken ƙarfi ba ta wuce sa'a biyar ko shida a wuni. Lissafin mai sauƙi ne ga wanda yake son ya auna gonarsa. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, kuma alkama ko albasa a zafin ranin nan tana buƙatar milimita biyar ko shida a kullum, wato lita 50,000 zuwa 60,000 a kowace hekta. Famfona yana ba da abin da ya ishi hekta ɗaya da rabi da ƙyar, da sharaɗin a raba gonar kashi kashi a riƙa bin ta kowace rana ba fashi. Da shinkafa na shuka, wadda take son ninkin wannan ko fiye, da bai ishe ni ba. Haka kuma ya canza mini tsarin aiki, domin na saba ban ruwa da asuba ko da yamma, shi kuwa da tsakar rana yake da ƙarfi, lokacin da zafi yake shanye wani kaso na ruwan kafin ya kai ƙarshen fangali. Wasu suna ba da shawarar a ƙara batir, ni kuwa ban ga hikimar hakan ba, saboda tsadarsa da gajeren ransa a zafi suna rushe ribar gaba ɗaya. Tara ruwa a tafki ko tanki ya fi tara wuta arha.

Hazon hunturu shi ne abokin gabar famfon sola. A ranakun da ƙura ta rufe sama a Disamba da Janairu, ruwan yana raguwa har ya koma rabi, kuma ƙurar da ke kwanciya a kan farantan tana ƙara rage shi, don haka kowace safiya sai an goge su da tsumma mai laushi da ruwa kafin rana ta yi zafi. A irin waɗannan ranaku na koma ga tsohon injin fetur, kuma a duk ranin na ƙona ƙasa da lita 60. Sata ma abin tsoro ce, shi ya sa na sa aka ƙera wa farantan firam mai taya, muna turo su gida da yamma. Sannan akwai jabun kaya. Farantan da na fara saye a wani shago an rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, sai da wani mai haɗa sola ya auna su da mita a gabana da tsakar rana na gane, kuma an sha doguwar magana kafin a canza mini. Duk wanda zai saya ya tafi da mai awo, ya kuma tabbatar akwatin yana da abin da ke kashe famfon idan ruwa ya ƙare a rijiya, domin idan ya juya a bushe ƙonewa yake yi, kuma masu gyaran irinsa ba su kai masu gyaran injin fetur yawa ba ko kusa. Yashi ma yana cin fankar cikinsa, saboda haka kada a zura shi har ya taɓa gindin rijiya.

Wutar gwamnati ban sa ta a lissafi ba, domin babu turaku a fadamarmu. Ko da akwai, wanda ya ga yadda yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan wuta ba zai jingina albasarsa da ita ba.

Maganar farashin gaba ita ce ta sa na karkata inda na karkata. Ba na da'awar sanin nawa lita za ta kai, amma abubuwan da ke juya ta a bayyane suke. Dokar man fetur ta 2021 ta miƙa farashi ga kasuwa, kasuwar kuma tana bin farashin ɗanyen mai na duniya da darajar dala, wadda ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma an ga sauƙi a 2025 da lita ta sauko ƙasa da naira dubu. Na yi murna da hakan kamar kowa, sai dai ɗanyen man da take tacewa da farashin duniya ake auna shi ko da a naira aka biya, kuma daga Legas zuwa nan tafiyar fiye da kilomita dubu ce a tankar da ita ma dizal take sha. Tun da aka daina daidaita farashi tsakanin Kudu da Arewa, kuɗin wannan tafiyar a kanmu yake sauka. Mai injin fetur ko na gas ya sayi ƙarfe da arha, amma kowace safiya yana biyan farashin da aka yanke a inda ba shi da murya, kuma dole ya biya a daidai makon da amfanin gona ba zai iya jira ba. Mai sola shi ma da dala ya saya, tun da kayan daga Sin ake kawo mafi yawansu, amma sau ɗaya ya biya, kuma farantai masu kyau ana ba su garantin shekara 25. Idan fetur ya tsaya kusa da naira dubu, rani biyu zuwa uku za su mayar mini da kuɗina. Idan ya sauka sosai, za a ƙara rani ɗaya ko biyu, kuma wannan asara ce da zan iya ɗauka, saɓanin irin wadda maƙwabcina ya ɗauka a alkamarsa.

Saboda haka ga mai hekta ɗaya ko ɗaya da rabi na alkama, albasa, tumatir ko attaruhu a kan rijiya mai ruwa, famfon sola nake ba da shawara, tare da ajiye tsohon injin fetur a gefe saboda ranakun hazo. Ga masu shinkafa a babban fili ko ƙungiyar da ke jan ruwa daga kogi, injin gas ya fi dacewa, muddin suna da amintaccen wurin sayen mai da makanikin injekta da suka sani. Wanda kuma yake aron gona na rani guda, ko bai da kuɗin da zai zuba a lokaci ɗaya, ya ci gaba da injin fetur ɗinsa, ya riƙa canza baƙin mai a kan lokaci yana wanke abin tace iska, ya kuma gyara magudanan gonarsa domin kada man da ya saya da tsada ya tafi a ruwan da ke zurarewa. Mu huɗun da muka haɗa kuɗin injin gas mun yanke shawarar sayar da shi ga masu shinkafar da ke ƙasa da mu, kuma biyu daga cikinmu sun riga sun auna zurfin ruwan rijiyoyinsu da igiya a ƙarshen Afrilu, lokacin da ya fi ja baya, domin da wannan awon za su je Kano zaɓen famfo.